Abin da hancin Yaya Rabi bai ji ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata Rabi, mai sayar da shinkafa da kaza a tashar Bagudo. Har yau in na ga babur ɗauke da kwalin kaji daga iyakar Benin, ruwan ƙanƙara na ɗiga, sai in kau da kai.

Yaya Rabi da hanci take sayen nama. Ta ɗaga kaza, ta sansana, ta danna da yatsa. Ranar nan kwalin ya iso ƙanƙarar ta narke, na ce anya. Ta ce, "Ke Safiya, mi kika sani? Hancin ga ya girme ki a sana'a." Kazar kuwa ba wari, ba canjin launi. Ta soyu sarai.

Kwana biyu bayan haka gudawa da zazzaɓi suka kwantar da ita, ga ta da tsohon ciki. Wasu direbobi ma suka kwanta, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka kwashi ɗanyen naman da ya rage, da soyayyen, da kabejin da muke zubawa a kan shinkafa, aka kai ɗakin gwaji a Birnin Kebbi.

Daga baya wata ma'aikaciya ta yi mani bayani, don na yi sakandare. Ana jiƙa abincin cikin wani ruwa da ke ciyar da ƙwayoyin cuta, ya kwana a akwati mai ɗumi. Sai a shafa a faranti mai abu kamar daskararren kunu, a sake jira. In ɗigo masu baƙin tsakiya suka fito, a ƙara gwadawa don a tabbatar. Ba a yi wa aikin gaggawa. Kafin takardar ta iso, mun yi sadakar uku.

Ma'aikaciyar ta ce soyayyen ya fita lafiya, wuta ta kashe komai. A ɗanyen aka samu, da kabejin. Wani ya yanka kabeji a katakon da aka daddatsa kaza, da wuƙar da aka daddatsa ta.

Ni ce. Sauri nake, na goge wuƙar da zanina kawai.

Na ji yanzu akwai na'urar da ke ba da amsa a yini guda. Ban san me Yaya za ta ce ba. Ƙila ta yi dariya, ta ce gwaji na mutanen birni ne, don har yau 'yan tasha sansanawa suke yi.

Abin da ya rage nata shi ne rumfar, da masu tambayar yajinta, da Inna da ke cewa kazar Benin ce ta kashe mata ɗiya. Shekara huɗu ina barinta a kan haka. Inna ba ta karatu, amma Kawu na sayen jaridar da zan aika wa wannan labari, kuma a tsakar gida yake karantawa da ƙarfi. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi. Ni zan zauna kusa da Inna har ya kai ƙarshe.