Nawa Ne La'adarki a Ciki?

Jiya wata manhajar bashi ta tura wa duk lambobin wayar ƙanwata saƙo wai ita ɓarauniya ce, har surukanta. Wani mai kiran kansa mashawarci ne ya ce ta ci sabon bashi ta biya tsoho. Ya karɓi kamashonsa, ya kashe waya. Ina tafasa, sai marigayiya Gwaggo ta faɗo mini a rai, yayar babanmu mai man gyaɗa a Ƙofar Mazugal.

Shekarar da jarina ya karye, kuɗin mai atamfa suka hau kaina, na je mata da kuka. Wata dillaliya na biye da ni, wai in jinginar da keken ɗinkina. Gwaggo na matsar tunkuza, tsakar gidan duk ƙamshin soyayyar gyaɗa, mai yana bin hannunta. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce wa dillaliyar:

"Hajiya, nawa ne la'adarki a ciki?"

Dillaliya ta hau kame-kame. Gwaggo ta nuna mata ƙofa da muciya, ta yafa mayafi, ta tasa ni gaba har shagon mai atamfa.

"Alhaji, keken nan ne zai biya ka. Duk Juma'a za ta kawo abin da ya samu bayan yara sun ci. In ta saɓa, ni za ka nema."

A haka na biya. Ko sisi Gwaggo ba ta karɓa ba.

Yanzu masu shawara sun cika waya, amma babu mai raka ka ko bakin zaure. Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Su kuwa masu cin la'ada da hawayen mutane, Allah ya isa.