Ranar da na bar na'urar a durowa

Shanyewar ɓarin jikin da ta same ni ƙarama ce. Bakina ya karkace na ɗan lokaci, kofin shayi ya suɓuce daga hannuna na hagu, bayan kwana uku aka sallame ni. Likita ta ce suna zargin zuciyata na yin wani bugu na gardama lokaci-lokaci, wanda kan sa jini ya daskare ya haura ƙwaƙwalwa. In sun kama bugun, za su ba ni maganin tsinka jini. In ba su kama ba, ta biyun na iya zuwa, kuma ba lallai ta zo da ladabin ta farko ba.

Sai suka manna mini wata 'yar na'ura a ƙirji, ta mako biyu. Dokar ɗaya ce: kada a cire. In na ji wani abu, in danna maɓalli.

Na shekara talatin ina koyarwa, na san darajar doka. Kwana tara na bi ta a gidanmu na Withington, a Manchester. A na goma ne sunan jikan Yayana a Small Heath, can Birmingham, aka kira mu.

Ban gaya wa Yaya na kwanta asibiti ba. A gidanmu ba a tallar ciwo. Kuma na san gaisuwarsa: sai ya rungume ka ya bubbuga maka ƙirji kamar mai sayen kankana. Zai ji na'urar, kafin a raba goro kowa ya sani, a yi ta yi mini sannu a ranar jaririn mutane. Da safe na ɓanɓare ta, na sa a durowa tare da safa.

Bayan an ci an sha ne abin ya zo. Zuciyata ta shiga fuffuka kamar tantabara a kwali. Hannuna ya kai ƙirji don danna maɓalli, ya tarar da aikin wuyan riga kawai.

"Lafiya, Malam ƙarami?" in ji Yaya.

"Yaji ne, Yaya."

"Ka zama Bature ke nan. A kawo masa madara!"

Aka yi dariya, har da ni. Matata ce kawai ba ta yi ba. Tana tsaye bakin ƙofar kicin da faranti, ta ga inda hannuna ya je.

Sai da jirgin ƙasa ya bar Birmingham ta yi magana. "Malam, ɗalibin da ya bar takardar jarrabawa a gida, maki nawa kake ba shi?"

Na ce mata ina jin barci.

A asibiti likita ta juyo mana da allon kwamfuta: kwanaki goma sha uku na bugu mai tsari, da yini guda fari fat. Ta tambayi abin da ya faru. Na ce gumi ne ya saki gam ɗin. A Manchester, a cikin hunturu.

"Malam," in ji matata da Hausa, a hankali, "ko ka faɗa, ko in faɗa da Turancina mara kyau."

Na faɗa. Likitar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ta yarda da ni, amma ba ta ba da irin wannan magani kan labari. Sai an sake daga farko, kuma akwai layi.

Makonni na yi ina jira. Kowace safiya matata kan tsayar da ni gabanta, ta ce in ɗaga hannuwa biyu, in yi murmushi, ta duba ko bakina yana daidai. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Ta dai daina zuwa kasuwar Gorton, don kada ta bar ni ni kaɗai.

Na'ura ta biyu ta kama bugun wata Talata, ina wanke kwanuka. Da aka miƙo mini maganin, matata ce ta karɓa.