Daddawar Ajidan Issufu

Har na bar aikin soja ba zan manta da safiyar da na gano abin da ke aljihun Ajidan Issufu ba.

Shekarar da korona ta shigo Yamai ne. Ina sarjan, majo a likitar barikinmu, wato mai allura da kula da masu jinya. Ajidan Issufu, mai muƙami sama da sarjan, shi ne babbanmu, mutumin Tawa, wanda ya ɗinke raunuka a fagen daga hannunsa bai yi rawa ba.

Kullum in mun shiga ɗakin sa kayan kariya sai in ji warin daddawa. Na duba kabad, na duba jakunkuna, babu. Abin ya tsaya mini a rai.

Wata safiya na same shi shi kaɗai, ya sauke takunkumi, yana shinshina wani ƙullin daddawa da ya ciro daga aljihu, yana sake shinshinawa, zufa na keto masa.

"Shef, lafiya?"

"Hadiza, shinshina. Kina ji?"

"Ai tun daga ƙofa."

"Ni ban ji komai ba."

Sai na gane. Rashin jin wari yana cikin alamomin cutar, shi ne yake gwada kansa, sau goma a wuni. Tsohuwarsa mai ciwon sukari na gidansa a unguwar Kirkisoy, ƙetaren kogi, kuma sati uku ke nan bai haye gada ba. A ofis yake kwana, in ma ya samu barcin.

Ƙa'ida ita ce a sanar da lokotoro, wato babban likita, nan take. Ya roƙe ni in yi shiru. Na ce, "Shef, kai ka koya mini dokar." Na je na sanar.

Kaftin, lokotoronmu, ta ɗauki gwaji, aka killace shi. Sakamako ya fito: mura ce kawai. Amma ba ta mayar da shi aiki ba. Ta tara mu ta ce, "Kowa ya faɗi nasa tsoron. Ni numfashina nake ƙirgawa a mota."

Sai wani kofur ya ɗaga hannunsa, duk ya tsattsage saboda wanki da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta. Ni kuwa na ce wata guda ban ɗauki ɗana ba.

Daga ranar aka sa hutu bi da bi, da zaman hira kowace Alhamis. Ajidan ya je ya ga tsohuwarsa.

Ku ƙanana a aikin nan, an koya mana auna zafin jikin kowa. Ba a koya mana tambayar abokin aiki ko ya yi barci jiya ba. Ku riƙa tambaya, ko da ya fi ku galo, wato muƙami.