Randar Ƙofar Gwaggo

Shekarar da aka yi taron gobara a ƙauyenmu ni na fi kowa surutu, kuma bakina ne ya ja mini duk abin da ya biyo baya.

Gobarar kanta a ranin da ya gabata ta tashi, da rana tsaka, bayan an gama shigar da amfanin gona. Wata baiwar Allah ce ta kwashe toka daga murhu ta zuba a bayan danga, ashe da sauran garwashi a ciki. Ƙauyenmu kuwa a matse yake a gindin dutse, gida na jingine da gida, kowa ya jibge kara a bayan katanga ya ɗora harawa a kan rufi. Kafin a ankara wuta ta kama danga, ta haye tarin kara, ta faɗa rumbuna. Har yau in na tuna ranar, abin da nake gani shi ne maza cunkus a bakin rijiya, kowa da bokiti a hannu, ana jiran guga ɗaya ya fito. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma gidaje uku sai da hatsin maƙwabta suka kai damina.

Da kaka ta zagayo, mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Aka yarda za a yi gayya a share fili kewaye da gari, yadda ko wutar daji ta gangaro daga dutse ba za ta sami abin ci ba. Aka ce mata su riƙa jiƙa toka kafin su zubar. Liman ya ja kunnen masu cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya. Duk wannan ya yi, da na yi shiru da an tashi lafiya. Amma ni malamin firamare ne, kuma cutar aikinmu ita ce duk inda muka ga mutane a zaune sai mu ɗauka aji ne. Na miƙe na ce ruwa ne ya kunyata mu bara, saboda haka kowane gida ya ajiye randa a cike a ƙofarsa, a waje, inda maƙwabci zai ɗiba ba sai ya yi sallama ba. Na ƙara da cewa doka in ba hukunci wasa ce. Duk wanda aka sami randarsa ba ruwa har sau uku, a faɗi sunansa a ƙofar masallaci bayan La'asar ranar Juma'a, sannan ya yini shi kaɗai yana sharar fili ta wajen dutse, inda ciyawa ta fi duhu.

Aka yi ta gyaɗa kai, ni kuma ina jin kaina ya ƙara girma. Sai wani dattijo ya ce, "To, tunda Malam ne ya kawo dokar, ai sai ya riƙe sandar awo." Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Haka na zama mai duba randa. Na sami sanda na yi mata tsaga, duk randar da ruwanta bai kai tsagar ba, ba ta cika ba. Sau biyu a mako, in na taso daga makaranta, sai in bi gari gida-gida ina tsomawa. Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi mini daɗi. Mata na hango ni sai ka ji ana cewa a ƙara ruwa, ga Malam nan. Wanda ya fara faɗawa hannuna mahaucin garinmu ne, mutum mai saurin fushi da faɗin murya. Ya rantse awakinsa ne suke ture murfin su shanye. Na ce doka ba ta san akuya ba. Na faɗi sunansa a ƙofar masallaci da murya sarai, ya yini a gindin dutse da fartanya yana ƙunƙuni. Da yamma muka haɗu, ya dube ni ya ce, "Ba komai, Malam. Rani da sauransa."

Gidan ƙarshe a zagayena shi ne na Gwaggo, yayar mahaifina. Wurinta aka kai ni yaye, ban koma gidanmu ba sai da na isa aure. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyar ƙyandata, ita ta tsaya kai da fata sai an sa ni a makaranta lokacin da mahaifina yake ganin gona ta ishe ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna aure a wasu garuruwa, ita kaɗai ce a gidan da kajinta. Da na yi aure na yi gini a ɗaya ƙarshen gari. Da farko kullum sai na je gaishe ta, daga baya ya koma ranar Juma'a, daga nan kuma ya koma sai in na sami sarari, sararin kuwa ba ya cika samuwa.

Gidan nata a bakin hanya yake, hanyar da mutanen ƙauyukan bayan dutse suke bi zuwa titi su hau motar Ɗanbatta. Makonnin farko randarta a cike nake samunta, in tsoma sanda in wuce. Ran nan, ranar kasuwa, na tsoma sai na ji sandar ta bugi ƙasan randa ƙwas. Na duba, ga moɗa a kife a kan murfin, an ma ɗaura mata igiya don kada ta ɓata.

Na yi sallama na shiga. Tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon sandar da ke hannuna.

"Gwaggo, randar ƙofa ba ruwa."

"Na cika ta da safe da hannuna. Mutane suka sha."

"Ai ba ta sha ba ce. Ta gobara ce."

Ta ajiye gyaɗar ta dube ni kamar na yi wani yare. "Ɗan nan, tun da nake, randa in tana ƙofar gida ta masu wucewa ce. Uwata ta ajiye, kakata ta ajiye. Mutum ya taso tun daga bayan dutse da kaya a ka, ya ga randa, ya buɗe, sai in leƙo in ce masa me? Wannan ta wuta ce, kai ka wuce da ƙishinka?"

A nan na gane kuskuren da muka tafka, mu duka da muka zauna a taron, ni a gaba. Mun ɗauki randa mun ajiye ta daidai inda kowa a ƙasarmu ya san ruwan sadaka yake zama. A cikin gari abin bai dami kowa ba, don kowa da ruwan gidansa kusa. A ƙofar Gwaggo kuwa hanya ce. Na yi mata bayani mai tsawo, irin na aji. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci, ta zubo mini ɗanwake. Na ci, na fita da ragowar gyaɗa a aljihu.

Na cire moɗar na kai mata ciki. Washegari ta mayar. Na ce to a shigar da randar cikin zaure, sai na tuna ni da bakina na ce a waje za a ajiye, kuma mahauci yana wurin lokacin da na faɗa. Da aka sami randar a bushe karo na biyu, na sayo wata sabuwa, na ɗauko ta a kan babur, na girke ta kusa da ta farko. Na ce, "Gwaggo, wannan ta masu wucewa, wannan ta gobara. Don Allah kada a taɓa ta biyun." Ta yi ta sa mini albarka, ta ce ladan ruwa babba ne. Ban so jin kalmar lada a wurin ba.

Labari ya bazu a bayan dutse cewa yanzu randa biyu ce a ƙofar tsohuwar nan. Masu babur suka fara tsayawa yin alwala. Mata masu tallar nono suka mai da wurin zango. Ranar kasuwa ta gaba na iso da rana, na tarar da wani bafulatani yana shayar da ɗan maraƙinsa a ƙwarya, Gwaggo tana tsaye a bakin zaure tana ce masa ya ƙara, dabba ma rai ce. Na tsoma sanda a ta farko, ƙwas. Na tsoma a ta biyu, ko rabin tsagar ruwan bai kai ba. Da na ɗago kai, sai ga mahauci a kan kekensa ya dawo daga kasuwa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallona.

"Sannu da aiki, Malam," in ji shi. "Sau nawa ke nan?"

Na ce uku.

"Allah ya kai mu Juma'a."

Kwanakin da suka rage ban ji daɗinsu ba. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan wadda ta raine shi. Ni tun da na buɗe baki ban taɓa furta sunan Gwaggo ba, ko a bayan idonta. Ko lokacin da ake cika mini takardar makaranta aka tambaye ni sunan mai riƙona, karɓar biro na yi na rubuta. Yanzu ga shi dokar da na kawo ta ce in tsaya gaban gari in faɗe shi, a matsayin mai laifi, tsohuwar da ba ta da namiji a gida da za a kira a madadinta. In kuma na tsallake ta, randunan garin nan sun gama cika ke nan, don kowa zai ce dokar Malam ta san gidan da take tsallakewa. Matata ta ce in je in roƙi mai unguwa ya yi mata uzurin tsufa. Na je har ƙofar gidansa, na tsaya, na juyo. Haushin Gwaggo nake ji, ina jin haushin mahauci, amma wanda na fi jin haushi shi ne mutumin da ya miƙe a taro ba wanda ya tambaye shi.

Ranar Juma'a da La'asar masallaci ya cika fiye da yadda ya saba. Har waɗanda suke sallarsu a gona ranar sun shigo gari. Da aka idar, ba wanda ya nemi takalminsa. Na miƙe da sandata. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mahauci yana sahun gaba, ya harɗe hannu.

Na ce, "Jama'a, wannan makon gida ɗaya ne aka samu randarsa ba ruwa sau uku." Na dogara sandar a ƙasa na ƙara da cewa, "Gidan da na tashi ne. Ni ne namijin gidan. Gobe in Allah ya yarda ina gindin dutse."

Sai mahauci ya ce, "Malam, ai dokar cewa ta yi a faɗi suna." Na ce haka ne, na faɗi sunana da na mahaifina da ƙarfi, kamar ina kiran rajista. Wani ya tuntsire da dariya a baya, sauran suka kama. Mahauci ya yi ta girgiza kai, sannan ya ce in zo in ari fartanyarsa, ta fi tawa kaifi, kuma ta riga ta san wurin.

Hannun mai riƙe alli ba na fartanya ba ne. Kafin hantsi tafina ya yi ƙululu, ƙaya ta cika mini wando, bayana kamar an ɗaure shi da igiya. Masu wucewa suna yi mini sannu da wata irin murya da na san ba sannu kaɗai ba ce. Wajen Azahar na hango Gwaggo tana tahowa a hankali, da ƙwarya a hannu an rufe da faifai. Ta zauna a inuwar wata ƙaramar tsamiya ta yafito ni. Ruwa ne mai sanyi, da ƙanshin sabuwar randa. Na san daga inda ta ɗebo shi, ban tambaya ba. Na shanye tas.

Ta kama hannuna ta juya tafin tana duba ƙululun. Ta ce, "An ce a masallaci ka ce gidan da ka tashi."

"Na faɗa, Gwaggo."

"Ka ce kai ne namijin gidan."

"Haka ne."

Ta saki hannun, ta juya tana kallon filin da na share. Ni kuma sai malantata ta motsa, na ce mata don Allah daga yau ta riƙa barin ko da randa ɗaya a cike, kada in sake dawowa nan.

Ta ɗauki faifan ta rufe ƙwaryar. "Zan bari," in ji ta. "Sai dai ran da take a cike, daga tsakar gida nake jin sandarka ta taɓa ruwa, in ji takunka ka wuce. Ran da ba ruwa ne kake shigowa."

Ta dafa gwiwa za ta miƙe, na riga ta tashi na kama ta. Na bar fartanyar mahauci a nan cikin ciyawa, na karɓi ƙwaryar daga hannunta, muka nufi gida.