Goɗiya a Madafa

Wata uku na yi a aji ɗaya, malamin ya roƙi mahaifina ya mayar da ni gona kafin in lalata masa sauran yaran. Rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi, da furfurata. To amma akwai shekarar da na fi masu dawakin ƙauyenmu ilimi, kuma tunda ba mai yabona, bari in yi da kaina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gagarawa da Gumel. Cikin shekarun casa'in, ƙarshen wata damina mai ruwa, dawaki suka fara mutuwa daga wajen Sule Tankarkar. Doki zai kwana lafiya, kashegari ramin saman idonsa ya kumbura, numfashi ya gagara, kumfa ta zubo ta hanci. Kwana biyu, a ja shi daji. Ni kuwa goɗiya ɗaya gare ni, jikar goɗiyar mahaifina, ga ta da tsohon ciki. In ta faɗi, irin gidanmu ya ƙare.

Al'adarmu, bayan la'asar mu kai dawaki tafki, a wanke su, a bar su suna kiwo a bakin ruwa, mu kuma mu baje hira har kiran magariba. Ni ne sarkin surutun wurin. Da ciwon ya matso, dattijonmu mai dawaki huɗu ya ce zafi ne, a ƙara musu wanka da kanwa. Sai muka ƙara daɗewa a tafkin.

Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari, na haɗu da wani likitan dabbobi, Kirista ne daga wajen Filato, mai haƙuri da surutuna. Ya tambaye ni inda muke kai dawaki da yamma. Da na faɗa masa sai ya dafe kai. Ya ce ƙyashi ne, 'yan ƙwarin nan masu cizo da ke tashi daga laka da faɗuwar rana da fitowarta. Su ciji mai ciwo, su ciji mai lafiya, shi ke nan, kuma in ya shiga babu magani. Na yi dariya har hulata ta karkace.

"Baba, ba sai ka yarda da ni ba," in ji shi. "Shafa man gyaɗa a farin faranti, ka riƙe ƙarƙashin cikin goɗiyarka da magariba."

Na saci faranti a jeren mai ɗakina na gwada a tafkin. Kafin a gama kiran salla ya yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masoro. Na miƙa wa dattijon. Ya duba, ya ce ni dai ba na girma, abin da bai kai ƙwayar gero ba ne zai ka da doki? Kowa ya bushe da dariya. Ban ga laifinsu ba, don ni ne na taɓa rantse musu na ga kada a rijiya.

Dama likitan ya ce a sa goɗiyar a ɗaki rufaffe mai hayaƙi tun kafin rana ta faɗi, kada ta fito sai hantsi. Ɗaki mai hayaƙi ɗaya ne a gidana. Na jira mai ɗakina ta tafi suna, na ɗauki gatari na faɗaɗa ƙofar madafa. Ta dawo ta tarar da goɗiya tsaye inda tukwanenta suke, su kuma suna tsakar gida.

"Malam, amarya ka yi mini?"

Na ce baƙuwa ce, ba za ta daɗe ba. Ta ce ai sai baƙuwar ta tuƙa mini tuwo. Ranar nan da rogo na kwana.

Mako bakwai tana girki a waje, wani lokacin yayyafi na kashe mata wuta. Amma tun kwana na uku ta ƙwace aikin hayaƙin, wai ni ban iya ba. Ta zuba busasshen kashin shanu da ɗanyen ganyen darbejiya a kasko a bakin ƙofa, ta ɗinke buhuna ta yi labule. Ni kuma in fitar da goɗiya kiwo da rana tsaka, mutane na ƙarƙashin inuwa suna yi mini sannu da hauka. Abin da ya fi cina shi ne in jiyo dariya daga tafki ba ni a ciki.

Dawakin dattijon uku suka tafi. Na je masa jaje, kuma Allah ya taimake ni na riƙe bakina, abin da ban taɓa yi ba. Mutum biyu suka zo a ɓoye suka ga yadda muke yi, nasu suka tsira.

Da sanyi ya shigo ƙwarin suka ɗauke. Wata safiya na zo buɗe labule, mai ɗakina ta tare ni, ta ce maza ba sa shiga ɗakin mai jego. Na leƙa ta saman kafaɗarta. Ga goɗiya tana lasar 'yarta, ja wur, tana ta kokawar tsayuwa a kan toka. Na koma zaure na sa babbar rigata, na nufi ƙofar gidan dattijon ta hanya mafi tsawo, ina gaida kowa.