Layin da Ke Wuyan Kaka

Takardar buhun siminti tana da wani wari idan ruwa ya taɓa ta, na ƙasa-ƙasa da ɗan tsami. Jiya na bi ta gefen wani gini a hanyar kasuwa bayan an yi yayyafi, warin ya buge ni, sai na ji gabana ya faɗi. Za ka ce me zai tsorata uwar 'ya'ya huɗu a jikin takarda? To, bari ka ji.

Ina 'yar shekara tara kawuna, ƙanen innata, ya kawo mini fentin ruwa daga Ƙonni, inda yake karatu. Ɗan gwangwani ne mai faɗi, kaloli a jere kamar alawa, da buroshi guda. Innata ba ta yarda a ɓata farar takardar makaranta ba, sai kawu ya yago ɓawon ciki na buhun siminti daga ginin maƙwabta, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa mini.

"Wagga ta hi hwara," in ji shi. "Duba, awa jikin mutum take. Ki sa inuwa inda ad da duhu, ki ɗiga hwari inda haske yab buga. Saura takarda ta yi maki."

Damina ce, gida duk danshi. Kakata tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale, ni kuma na raɓe gindin turmi ina satar kallonta. Na yi mata shuɗin ɗankwali, na ja tsagen kumatunta, na sa inuwa ƙarƙashin haɓa. Fuskar kuwa ban shafa mata komai ba, launin takardar ne fatarta sak. Daga ƙarshe na tsoma bakin buroshi a farin fenti, na ɗiga ɗigo ɗaya a kowane ido. Sai ga Kaka tana kallona daga cikin takarda. Na yi murna, amma sai da tsikar jikina ta tashi.

Da gudu na kai wa yayata. Shekara biyu ta ba ni, kuma a islamiyya ta fi malaminta zafi. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Kin shiga ukku! Wanda duk yaz zana mai rai, ran ƙiyama cewa za a yi ya hura mai rai. In ya kasa, wuta. Maza ki ja layi ga wuya, ki yanke shi."

Haka yara suke yi a lokacin: in ka zana akuya ko mutum, sai ka ratsa wuyan da layi, ya zama ba mai rai ba. Na tsoma buroshi a baƙi, na kai shi daidai wuyan, hannuna ya ƙi. Wannan ba akuya ba ce, Kaka ce, kuma tana kallona. Idan na ja layin na yanka kakata, idan na bari wuta tana jirana. Yagawa ko ƙonawa kuwa ban ma bari zuciyata ta kai can ba. Na lallaɓa bayan rumbu na gwada hura wa takardar iska, ko zan iya abin da za a tambaye ni. Gefenta ya ɗan motsa, na kusa sakin fitsari. Na naɗe ta na cusa ƙarƙashin tabarmata.

Bayan kwana biyu Kaka ta kwanta da masassara.

Babu wanda zai gaya mini sauro ne. Ni na san abin da na yi. Kullum da safe sai na buɗe takardar, in ga idanun nan biyu suna ƙyalli, in leƙa ɗaki in ga na Kaka sun dushe sun faɗa ciki. Na tabbata zanen ne yake tsotse ta kaɗan-kaɗan. Tuwo ya daina wuce mini. A rana ta huɗu gwaggona ta iso daga Amarawa, maza suka taru a zaure suna magana ƙasa-ƙasa, na tsinci kalmar asibitin Sakkwato da mota. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, har yau.

Da hantsi, da ɗakin ya yi sarari, na shiga na durƙusa na miƙa wa Kaka takardar. Cikin kuka na zayyana mata komai, har da hurawar bayan rumbu. Ta daɗe tana kallo.

"Wagga tsohuwa, ni ta?"

"Ke ta, Kaka."

"Amma kin rage man muni." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Rai ga Allah yake, ɗiyata, ba ga takardas siminti ba. Miƙo man tandun kwallina."

Na miƙa. Ta shafa kwalli a ɗan yatsa, ta ja shi a kan wuyan zanen daga wannan gefe zuwa wancan. Na runtse ido ina jiran in ji numfashinta ya tsaya.

"Buɗe idonki, matsoraciya. Ni nay yanka abina. In anka tambaye ki can, ki ce ni ta."

Ban yarda nan take ba. Har aka yi girbi, kowace safiya sai na fara duba wuyanta kafin in gaishe ta, ita kuma ta ɗaga haɓa ta ce, "Yana nan, sarkin pawa." Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda mai hoto ya ɗauke ta ba.

Yanzu kowa da waya a hannu, yarana sukan ɗauki fuska ɗari kafin azahar, ba mai ko ɗar. Ni kuwa har gobe ina zane a takarda mai ruwan ƙasa, amma rumbuna da itatuwa da gajimare kawai. Zanen Kaka shi ne kaɗai kamanninta da ya rage a duk danginmu. Kwanan baya na nuna wa autata, ta taɓe baki ta ce wa ya ɓata shi da wannan baƙin layi, bari ta ɗauka a waya ta goge. Na riƙe hannunta. Na ce duk sauran aikina ne, in ta so ta goge. Layin nan shi kaɗai ne na Kaka.