Makarantar da Zaharadden ya yi wa hidima

Zaharadden ɗan yayata ne, Hajiya Zaituna. A unguwar Karantina, nan ƙasa mai tsarki, aka haife shi, a can ya girma, yanzu yana gyaran waya a wani ɗan shago a unguwar Hindawiyya. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara zama ya ce shi edita ne. Akwai wani kundin sani a intanet wanda kowa ke shiga ya yi rubutu kyauta, to nan ne masarautarsa.

Abin da ya ɗora wa kansa shi ne shafin wata makaranta a Amurka, ta 'yan Kweka, wata ɗariƙar Kirista da ke ibada a zaune shiru. Bai taɓa taka Amurka ba, iyakarsa garin Ɗa'if. Amma ya san shekarar da aka gina ɗakin taronsu, ya san shugabanninta tun daga na farko. Duk wanda ya ƙara jimla ba tare da hujja daga littafi ko jarida ba, Zaharadden zai goge ta, ya zo yana ba mu labari muna cin abinci kamar ya ci yaƙi. Har yabon shirun Kweka yake yi, shi da ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana.

Ita kuwa uwarsa, tun kafin a haife shi take koyar da yara a zauren gidanmu. 'Ya'yan da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, waɗanda babu makarantar da za ta karɓe su, a wurinta suka koyi Ƙur'ani da karatu da rubutu. Shi kansa a kan tabarmar nan ya san baƙi da wasali.

Da aka fesa jan fenti a bangonmu cewa za a rushe unguwar, abu ɗaya Hajiya ta roƙe shi.

"Zaharadden, ɗauki hoton zauren nan da allunan, ka sa a wurin rubutunku. Kada a ce ba a taɓa yi ba."

"Halas, ya ummi, bukra insha Allah."

Bukran nan, wato gobe, ba ta zo ba. Lokacin yana rigima da wani Bature a kan ko rufin ɗakin taron Kweka na katako ne ko na dutse. Ya yi nasara kuwa. Mu kuma muka kwashe kaya, motar rusau ta bi ta kan zauren.

Sai bayan mun koma gidan haya kunya ta kama shi, ya zauna ya rubuta shafin makarantar uwarsa. Shafin bai kwana ba wani edita irinsa ya goge shi: babu littafi, babu jarida, babu ko hoto. Ni dai haushi ya hana ni tausaya masa, don dokar da yake taƙama da ita ce ta hau kansa.

Hajiya idonta ya yi rauni, ta ce ya nuna mata abin da ya rubuta. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya miƙa mata wayar. Makarantar Amurka ce a buɗe, da koriyar ciyawa da rufin nan da ya yi faɗa a kansa. Ta kusanto da ita fuskarta ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar masa.

"Masha Allah," ta ce. "Su waɗannan Allah ya ba su ɗa."